Hannuwan Asiya

"Aje wayar nan, Lubabatu. Tun hantsi kike latsawa, ga ɗiya can tana wasa cikin ƙasa."

Lubabatu ta aje wayar kamar yadda Gwaggo Asta ta ce. Gwaggo Asta ƙanwar babanta ce, kuma uwar mijinta, Lubabatu ba ta taɓa mayar mata da magana ba.

Amma zancen ya kai kunnen mijinta Armiya'u, wanda ke koyarwa a Shinkafi, ba ya zuwa gida Ƙaura sai hanya ta yi lafiya. Da ya kira da la'asar, muryarsa babu walwala.

"Luba, Inna ta ce waya ta ɗauke miki hankali. Asiya ba ta ji, ba ta magana... in ke ma kin juya mata baya, wa gare ta?"

"Haka ka ɗauke ni, Abban Asiya?"

"Ni dai abin da anka hwaɗa mani..."

Ta kashe wayar, hawaye na zuba.

Tun da sanƙarau ya tafi da jin Asiya, gidan ya bar yarinyar ga Allah. Lubabatu ce ta ƙi haƙura. Ta shiga wani zauren Wasaf na iyayen kurame, inda wata malama daga Gusau ke turo bidiyon maganar hannu. Ta kalla, ta maimaita a madafa, ta koya wa Asiya in suna ɗaki. Ba ta faɗa wa kowa ba, tana tsoron ta sa musu rai abin ya ƙi.

Ranar Juma'a Armiya'u ya iso. Asiya ta sheƙo da gudu, ta tsaya gabansa, ta shafa haɓarta, ta nuna ƙofa, ta ɓata fuska.

"Me take yi?"

"Magana take maka," in ji Lubabatu. "Ta ce Baba, ka daɗe ba ka zo ba."

Jakarsa ta suɓuce. Yarinyar ta juya ga kakarta, ta murza yatsu kamar mai jan carbi.

"Wannan sunanki ne, Gwaggo. Ita ta raɗa miki da kanta."

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Ashe ɗiyar ga ta san ni... Luba, wannan ne kike ta kallo?"

Lubabatu ta gyaɗa kai. Ta ji zuciyarta ta cika fal, kamar ranar da aka fara miƙa mata Asiya cikin zani.

Armiya'u ya durƙusa bisa tabarma, idanunsa sun yi ja.

"Malama, ki sa ni ajinki. Yaya ake cewa ki yafe mini?"

Ta kama hannunsa ta ɗora a ƙirjinsa, ta nuna masa. Ta matsa gefe don ya yi wa 'yarsa.

Bai dubi Asiya ba. Lubabatu ya juyo ya yi wa, a gaban uwarsa, a hankali, yana kuskure yana sakewa.

"Na yi daidai, sanyin idona?"

"Da saura," ta ce, tana murmushi. "Sake."