Tsayuwar Bayan Raga

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse. Mas'ud na zaune a ɗan shagonsa na wankin hoto yana goge idon kyamara, sai ya ji sallama cikin wata murya mai sanyi. Ya ɗaga kai. Budurwa ce doguwa cikin hijabi ruwan toka, ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na kan hotunan ƙwallon da ya jere a bango.

Suka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen gida da kasuwa. Sannan ta ce, "Sunana Mufida, malamar firamare daga Bakura. Hoton yayana nake nema, Gidaɗo, golan Taurarin Bakura."

Mas'ud ya buɗe kwamfuta da rawar jiki, ya shiga nuna mata. Ga Gidaɗo kwance, ƙwallo na cikin raga. Ga shi durƙushe, ƙwallo na cikin raga. Ga shi ya ɗora hannu a ka.

"Malam mai hoto," ta ce, "yayana bai taɓa kama ƙwallo ba ne tunda aka haife shi?"

"Yana kamawa mana. Amma mutane hoton ci suke saye."

Ta juya ga bango ta fara nuni da yatsa. "Wannan ka yanke mishi ƙafa, to da mi ya buga? Wannan ya yi tsalle sama, ƙwallo babu, sai ka ce mai tsinkar mangwaro. Wancan kuma ka tsaya rana na kallonka, duk sun koma inuwa."

Mas'ud ya saki baki. Shi da 'yan wasa ke bi suna lallashi, ana kiransa Mai Ido, yau ga malamar firamare ta zo har shagonsa ta kwance masa aiki. Abin haushin ma, duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ya so ya ji zafi, sai ya tarar murmushi yake yi.

"Ranki ya daɗe, ki bar mini lamba. Ranar da na samu hoton kamu, sai in turo."

Ta dube shi a karon farko, ta bayar.

Hoton kamu bai samu ba, amma saƙo bai yanke ba. Duk wasan da ya je, a garin Kaya ne ko Ruwan Gizo ko Birnin Tudu, kafin ya nuna wa kowa sai ya tura mata.

"Alƙaliyata, ga na yau. A yi mini sassauci."

"Ka makara da dannawa, Gwanina. Ƙwallo ta riga ta bar ƙafa. Kuma wane ne wancan mai rake a baya? Ya fi ɗan wasan fitowa."

"To wannan fa?"

"Wannan kam ka kyauta. Ka durƙusa ƙasa, ya fito kamar zai faɗo kaina. Dubi jijiyar wuyansa! Na ba ka bakwai cikin goma."

"Sauran ukun fa?"

"Suna Bakura. Sai ka zo ka karɓa."

Aikuwa bai bari ta maimaita ba. Ya fara zuwa zance bayan la'asar, su zauna a ƙofar gida kai a haɗe kan waya, tana duba hotuna, shi yana duba ta. Aikinsa ya gyaru har mutane suka lura. Da magana ta yi nisa, ya tura kawunsa Jatau neman izini wurin mahaifinta.

Nan aka yi karo.

Mahaifin nata, Alhaji Maiwada, dillalin shinkafa ne, kuma shi ne uban ƙungiyar Taurarin Bakura. Shi ke sayen riguna, shi ke ɗaukar mota, kuma ba ya fashin wasa. Da kujerarsa ta roba yake zuwa. Masu hoton ƙwallo kuwa suna da al'ada: bayan ragar da suke zaton za a ci suke tsayawa, don nan fuskar mai ci take fitowa. Masu tsaron bayan Taurari a wannan shekara sun yi rauni, saboda haka duk wasansu Mas'ud na bayan Gidaɗo. Shi bai ɗauke shi komai ba. Alhaji kuwa ya daɗe yana lura.

"Wanga yaro mai baƙar jaka?" in ji Alhaji. "Malam Jatau, ina ganin girmanka, amma a'a. Duk ranar da muka fito, sai ya zo ya kahe bayan ɗana yana jiran a ci mu. Abincinshi cikin kukanmu yake. Shi zan ba ɗiyata?"

"Alhaji, sana'a ce."

"Awo, na sani. Ni ma ɗan kasuwa ne. In ka ga mutum ya shimfiɗa buhu ƙarƙashin motarka, ya sa rai kayanka za su zube."

Akwai kuma mai hura wuta. Bello sakataren ƙungiya, ɗan aminin Alhaji, ya daɗe yana son Mufida tana kakkaucewa. Sai ga shi ya saka wani hoto a Fesbuk: an ci Gidaɗo, yana kwance cikin ƙasa, ga Mas'ud a bayan raga ya ɗaga hannu sama yana dariya. Ya rubuta a ƙasa, "Ga mai neman auren Bakura."

Saƙon Mufida ya zo gajere. "Ashe haka kake murna in an ci yayana? Kada ka sake kirana."

Mas'ud ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Abinci ya gagare shi, ya je wasan Kaya ya dawo da hotunan da ko shi bai iya kallo ba. Ana cikin haka sai waya ta yi ƙara.

"Na sake duba hoton Bello. Na buɗa shi sosai. Idonka ba kan raga yake ba, kan kyamara yake. Murnar hoto kake yi. Ka yafe mini, Gwanina."

"Alƙaliyata! Wallahi kin dawo mini da numfashi."

"Kuma hoton nasa ya karkace, ya yanke turken raga. Biyu cikin goma."

Sai dai Alhaji ba mai buɗa hoto ba ne. Gidaɗo ne ya yi ta bin sa da roƙo har ya ɗan sassauto. Lokacin an kai wasan ƙarshe na kofin yanki, Taurarin Bakura da Zaratan Mafara, a filin Maradun don kada a ce an yi gidan wani. Alhaji ya sa aka kira Mas'ud.

"Yaro, ga magana ɗaya. Ranar wasa ka tsaya bayan ragar garinku, gaban mutanenka, kowa ya ga inda ka sa rai. In ka yi haka, na yarda kana ƙaunarmu. In kuwa na hango ka bayan Gidaɗo, ko da kuskure, kada ka sake tako ƙofar gidana."

"Na ji, Baba. In sha Allahu."

Ranar wasa Maradun ta cika maƙil. Motoci daga Mafara, babura daga Bakura, masu ganga, masu zoɓo, samari har kan katanga. Mufida na gida, wayarta a hannu. Mas'ud ya rataya jaka, ya ratsa fili, ya je ya durƙusa bayan golan Mafara.

Wuri ya ɗauki ihu.

"Kai Mai Ido! Ka ɓace hanya ne?"

"Ya sayar da mu don mata!"

"Angon Bakura! A sawo mishi lalle!"

Wani ya jefo ɓawon rake ya same shi a wuya. Bai waiwaya ba. Can kusa da hutun rabin lokaci, Mafara ta zura ƙwallo a ɗaya gefen, irin cin da ake yi da ka a sama, wanda mai hoto ke shekara yana jira. Mas'ud na nesa, bai samu komai ba sai bayan mutane. Ya ciji leɓe. Da aka sauya raga, shi ma ya kwashi jaka ya bi golan garinsu da gudu, 'yan kallo na yi masa tafi da shewa.

Waya ta motsa a aljihunsa. "An ce ana tsokanarka. Ka daure, Gwanina. Ina nan ina addu'a."

Saura kaɗan a tashi, Taurari suka rama, a gabansa kuwa. Ya danna daidai lokaci. Ya hango Alhaji ya miƙe har kujera ta kife. Alƙalin wasa ya hura tashi, ɗaya da ɗaya. Ba a yi ƙarin lokaci ba, don kowa na son ya kama hanya tun da rana. Aka ce bugun fenariti.

Sai a nan Mas'ud ya ga matsala. Bugun fenariti a raga ɗaya ake yinsa. Golan Mafara ya shiga, Gidaɗo ya shiga, duk a wuri guda, kuma ragar da yake bayanta aka zaɓa. Bello har ya matsa kusa da Alhaji yana nuna shi da baki.

Mas'ud ya yi shawara da zuciyarsa. Idan golan Mafara ne a ciki, sai ya durƙusa ya ɗauka. Da Gidaɗo ya nufo raga, sai ya tashi ya ruga can gefen fili, ya saukar da kyamara, ya juya baya. A sake sauyawa, ya rugo ya dawo. Mutane suka bar kallon ƙwallo suka koma kallonsa, ana ta dariya har da masu riƙe ciki.

Aka yi ta ci, babu wanda ya ɓarar. A bugu na huɗu na Mafara, yana tsaye ya ba da baya, sai ya ji fili ya tsage da ihu. Gidaɗo ya tashi sama kamar an harba shi, ya doke ƙwallo da hannu ɗaya. Kafin Mas'ud ya juyo, an gama.

Sai ga Alhaji ya taho da sassarfa, babbar riga na jan ƙasa, hula a hannu.

"Ka ɗauka? Yaro, ka ɗauka? Nuna mini!"

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Ba ka ɗauka ba? Kamun da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan? Mi kake yi da wagga na'ura a wuya?"

"Kai ka ce kada ka gan ni bayan Gidaɗo, Baba."

Alhaji ya dubi raga, ya dubi yaron da ke tsaye jiƙe da gumi, ɓawon rake maƙale a kafaɗa. Lokacin nan ɗan wasan Bakura ya buga nasu na biyar sama da raga, saura bugun ƙarshe na Mafara: in ta shiga a koma kunnen doki, in Gidaɗo ya kama kofi na Bakura ne. Gidaɗo ya nufi raga.

"Tahi!" Alhaji ya daka masa tsawa. "Tahi bayanshi maza!"

"Baba, in aka ci fa?"

"Ko an ci, ko ba a ci ba, ni na aike ka! Tahi!"

Bello ya ce, "Amma Alhaji, ai ka ce..."

"Kai kuma riƙe mini hula."

Mas'ud bai san lokacin da ya isa ba. Ya zube ƙasa rub da ciki, ya ba rana baya, ya kafa kyamara ta cikin idon raga. Ɗan wasan Mafara ya ja baya, ya rugo. Mas'ud bai jira ƙarar bugu ba, ya danna.

Gidaɗo ya faɗi dama, ya rungume ƙwallo a ƙirji.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Ganguna, ƙura, samari sun ɗaga Gidaɗo sama. Mas'ud na zaune a ƙasa yana kallon hoton: ga gola shimfiɗe a iska, ga ƙwallo tana shiga hannu, ga mai bugu baki buɗe. Ya tura wa Mufida. Amsa ta zo nan take.

"Ba zan iya ba da maki ba. Kuka nake yi."

Alhaji ya iso yana haki, ya karɓi kyamara ya ƙura wa hoton ido. Sannan ya share ido da hannun riga.

"An ci garinku kana dariya, an jefe ka ba ka motsa ba. Kai, wanga yaro! Ka wanke mini shi babba, wanda zai cika bangon zaure. Kuma ka ce wa Malam Jatau ina jiranshi ranar Juma'a, ya taho da manya."

Bayan an kwashe shinkafar rani aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Maiwada. Magoya bayan Zaratan Mafara suka zo mota guda, su da suka yi masa ihu, yanzu su ne abokan ango, suna ta faɗin ai Bakura ta ɗauki kofi, su kuma sun ɗauke mata abin da ya fi kofi. Gidaɗo ya rantse sai an sake wasa a kan wannan magana.

Da za a tafi da amarya, Alhaji ya sa ango da amarya suka durƙusa gabansa, ya dafa kan kowannensu.

"Mas'udu, ga amana. Mufida, ki riƙa sassauta mishi, mutum ne ba hoto ba."

Ta sunkuyar da kai cikin mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya da kuka a haɗe.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya tsare ku a hanya da gida."

Taro ya amsa da amin, har da Bello daga can baya. Aka buɗe musu mota, ganguna suka raka su har bakin titin Mafara.