Farar Jaket ta Hajiya Fasuma

Akwai wata yarinya 'yar Kano da ke zaune da iyayenta a birnin Guangzhou. Gwanar kwaikwayo ce. Ko tarin maigadin gidansu ta iya shi.

Shi ya sa malamarsu ta zaɓe ta a wasan makaranta. Za ta fito a matsayin mutumin farko da ƙasar Sin ta tura sararin samaniya. Saura kayan sawa.

A falo ta ga wata farar jaket ta jins cikin leda. Ba ta tambayi kowa ba. Ta sa almakashi ta rage hannayen, ta manna tuta a ƙirji, ta ɓoye ta a jakarta.

Ashe samfur ce. Hajiya Fasuma, abokiyar cinikin Abbanta, ta aiko da ita daga Maraɗi. Jibi Abba zai kai wa teloli a garin Xintang su ɗinka irinta da yawa. Kuma ita kaɗai ce.

Abba ya birkita gidan kaf. Daga baya ya zauna ya dafe kai, ya ce ƙila a tasi ya manta da ita. Shekara tara Hajiya tana ba shi amana, yanzu me zai ce mata? Yarinya ta yi tsit.

Washegari a wajen gwajin wasan, malama ta ba su labarin jarumin. Ta ce matuƙin jirgin yaƙi ne, ya yi shekaru yana horo. Da kumbon ya tashi, ya yi ta girgiza har ya sha wuya. Da ya sauko ana ta tafi, amma bai ɓoye matsalar girgizar ba. Ya faɗa, aka gyara saboda na bayansa.

Aka ce yarinya ta taso ta yi tafiyarsa. Karon farko ke nan da kwaikwayo ya gagare ta.

Tana isa gida ta ajiye jaket a gaban Abba.

"Abba, ba tasi ba ce. Ni ce."

Ya daɗe yana juya guntayen hannayen.

"Mamana, yankan bai kai shirun ciwo ba," in ji shi a hankali. "Ke za ki gaya wa Hajiya da bakinki."

Ya buga waya ya miƙa mata. Ta faɗi komai. Hajiya ta yi mata faɗa sosai. Sannan ta tambaya ko ta zubar da guntayen da ta yanke. Ta ce a'a.

"To ɗiyata, ki ɗinke abin da kika yanka. Tela awo yake so."

Umma ta zura mata zare. Ɗinkin ya karkace, allura ta soke ta sau uku, amma telan Xintang ya auna ya ce ya isa.

Ranar wasa ta fito da hular kwali da farar rigar ruwan Umma. Abba ne ya fi kowa tafi.

Tun daga ranar takan tambaya kafin ta taɓa kayan wani. In kuma ta yi kuskure, takan faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.