Matar da ta Kira daga Bayan Gada

Tun da harsashi ya ragargaza masa gwiwa aka ɗauke Saje daga sintiri, aka zaunar da shi a ɗakin karɓar kiran gaggawa. Ko tashi ba ya iya yi sai da sanduna.

Wani dare ana tafka ruwa, waya ta yi ƙara. Mace ce tana kuka, muryarta can ƙasa kamar mai magana cikin tulu.

"Ɗan'uwa, ku taimaka! Mota ta kife da mu a bayan gada, yarana suna ciki."

Nan take Saje ya tura motar asibiti, ya ce wa kofur ɗin da ke gadin ƙofa ya bi su. Ya koma lallashinta: "Baiwar Allah, kar ki kashe waya, suna hanya."

Can sai ya lura ba ya jin saukar ruwa ta wajenta, ba ya jin yara. Ko numfashi ba ta ja tsakanin kukan. Gurnanin fanka kawai yake ji, irin na wadda ke saman kansa.

Direban motar asibitin ya kira shi ta oba-oba: "Yallaɓai, mun zagaye gadar nan kaf, ko sawun taya babu."

Kukan ya ɗauke cak.

"Duk sun tafi ko?" in ji matar. "Kai kaɗai ka rage?"

Warin laka ya cika ɗakin. Saje ya kife kan wayar, ya fizge igiyarta daga bango.

"Ba sai ka tashi ba," ta ce, daf da ƙeyarsa. "Ai na iso."