Kujera Ɗaya a Tajaye

Ranar kasuwar Illela Hamdiyya ta fara ganinsa, tsaye a kan amalanken jaki da lasifika a hannu, yana tallar jam'iyyarsa. Masu sauraronsa ba su cika yatsun hannu ba, cikinsu har da mai jakin da ke jiran a sauka masa daga amalanke. Dariya ta kufce mata. Ya juyo, idonsu ya haɗu, sai jawabin ya ɓace masa.

Issaka ke nan, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a garinsu Tajaye. Wata ƙaramar jam'iyya ce ta tsayar da shi neman kujerar konseye, wato kansila, a majalisar gari.

"Malama, kin ɓata min kamfe," ya ce da ya sauko.

"Wane kamfe? Kai da jaki?"

"To ki zama ta ukunmu."

Ta rufe baki da mayafi, amma ba ta hana shi lambarta ba. Kafin a gama girbin wake, ita ce "'Yar tela," shi ne "Konseyena."

Telan kuwa mahaifinta ne, Malam Lawali, wanda duk Tajaye ta sani da faɗin wanda zai ci zaɓe. Ba duba yake yi ba. Zannuwan da jam'iyyu ke raba wa mata, su kawo masa ɗinki, su yake kallo. Wadda zanenta ya fi cika shagonsa, ita ce da nasara. Bai taɓa kuskure ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Da Issaka ya je gaishe shi a shago, gaban 'yan hira, Malam Lawali ko ɗaga ƙafa daga keke bai yi ba.

"Yaro, partinku ko ƙyalle ban gani ba. Manya biyu na kokawa, kai ka shiga tsakani awa ɗan tsako? Ba ni ba da ɗiyata ga wanda gari ka yi ma dariya. In ka samu kujera guda, Hamdiyya taka ce. In ba ka samu ba, kada in sake ganin takalminka ƙohwar gidana."

Magana zarar bunu. Hamdiyya ta san mahaifinta ba ya haɗiye abin da ya faɗa gaban mutane.

Ana haka Salisu, ɗan wani jigon babbar jam'iyya, wanda ya daɗe yana zagayen gidan, ya fara aiko da zannuwa. Har mahaifiyarta, Inna Uwani, ta karɓi turmi, Malam ya ɗinka mata da fara'a.

Abinci ya daina shiga wa Hamdiyya. Duk suna ko bikin da ta je, ita ma ƙirgar zannuwa take, kamar cutar gado. Ranar da ta ga mahaifiyar Issaka da kanta ɗaure da zanen su Salisu, sai da ta dafa bango. Ta tura masa saƙo:

"Konseyena, har Innarka na gani da zanensu. Gabana faɗuwa yake. Don Allah ka janye, ka zo ka ba Baba haƙuri. Ina tsoron rasa ka."

Ya amsa: "'Yar tela, matan unguwa suka ce in tsaya saboda ruwa. In na gudu, da wane ido zan dube su? Ni ma tsoron nake ji, wallahi. Ki riƙe ni da addu'a."

Ta rubuta: "Ashe famfo ya fi ni." Ta kashe wayar, ta yi kukanta.

Ranar zaɓe ta dangwala masa, ta fito tana cewa a ranta, ko banza ya samu ɗaya. A shago kuwa Malam Lawali ya riga ya raba kujerun tsakanin manya biyu, ya ba Issaka sifili.

Washegari da la'asar ta kasa haƙuri, ta kunna wayar. Saƙo na jiranta:

"Mun samu guda. Guda tak, kuma ta ishe ni. Har yanzu kina hushi, amaryata?"

Ba ta gama karantawa ba Malam Lawali ya faɗo gida, hula a karkace, zare a wuya.

"Uwani! Ina ƙuri'un ga suka hito? Zannuwan garin ga da hannuna na ɗinka su!"

Inna Uwani na tankaɗe, zanen Salisu ɗaure a ƙirjinta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, zane kyauta ne, wa ka ƙin kyauta? Amma sadda hwanho ya mutu muna tahiya rijiya da rana tsaka, wa ya bi buro-buron gwamnati har Illela aka gyara shi? Ɗakin zaɓe babu mai ganin yatsanka."

"Har ke?"

"Ni na tara matan."

Hamdiyya ta durƙusa gefenta, hawaye da dariya a haɗe. "Inna, kika bar ni ina ramewa?"

"Da na hwaɗa miki, da huskarki ta hwaɗa ma ubanki."

Malam Lawali ya gyara hularsa, ya ce a gaya wa yaron ya turo magabatansa.

Shi ya ɗinka wa ango babbar riga, bai bar wani ya taɓa ba. Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, sai wani ɗan hira ya matso. Manyan jam'iyyun sun yi kunnen doki a majalisa, kuma konseyoyi ne ke zaɓen magajin gari, shugaban majalisar, don haka ƙuri'ar Issaka ce za ta raba gardama.

"Malam, to wa ka zama magajin gari?"

Malam Lawali ya dubi surukinsa, sannan ya nuna ƙofar cikin gida inda guɗa ke tashi.

"Ku shiga ku tambayi Uwani. Ni tela ne. Allah shi ba yaran ga zaman lahiya, shi sa albarka."

Jama'a suka amsa da amin, har da Salisu can baya.