Jijiyar Hannun Yaya

A laburaren makarantar likitanci suka fara haɗuwa, kuma da faɗa suka fara. Tana zaune tana juya ƙasusuwan mutum a manhajar wayarta, sai wani dogon ɗalibi ya dire ƙaton littafi a teburin har wayar ta yi tsalle.

"Likitar waya," in ji shi, "ranar da caji ya ƙare, majinyacinki ya shiga uku."

"Kai kuma Dogo, littafin nan in ya faɗo wa naka, sai dai a yi masa addu'a."

Kafin wata uku ya zama Dogona, ta zama Likitata, kuma mai zagin manhaja ya sauke ta a wayarsa a ɓoye. Babanta dai ya ce kada ya ji zancen saurayi sai ta gama karatu. Yayanta kuwa, mai yankan gilashi a shagon ƙofar gidansu, mutum ne da hannunsa ke riga bakinsa magana.

Wata rana Dogo ya turo mata zanen jikin mutum tsirara daga manhajar, jijiyoyi ja da shuɗi, da saƙo:

"Likitata, wannan zai fito a jarrabawa. Dubi cikin damtse, nan ake danne jini. Na yi kewarki wallahi."

Wayar tana hannun Yaya saƙon ya shigo. Hoton kawai ya gani.

Da la'asar Dogo ya kawo mata littafi. Ko sallama bai ƙarasa ba Yaya ya shaƙo wuyansa, ya ja shi cikin shago.

"Ɗan iska! Ƙanwata kake tura wa tsiraici?"

Ya rotsa wayar da ƙasa, ya kai masa naushi a hanci, jini ya wanke farar rigarsa. Ya ƙara masa a ciki. Ta fito da gudu tana ihu, "Yaya, karatu ne! Za ka kashe shi!" Ya hankaɗe ta gefe.

A naushi na uku Dogo ya zube, hannun Yaya ya wuce cikin gilashin da ke jingine da bango. Ya tsage tun daga tsintsiyar hannu, jini na tsartuwa har kan teburin awo.

Dogo ya rarrafo, ido ɗaya a kumbure, ya cusa yatsunsa cikin damtsen mutumin da ya gama jibgarsa.

"Likitata, bel ɗina! Ɗaure daga sama!"

Ta ɗaure, ta murɗa da sukundireba. Jinin ya tsaya.

Baba, da ihun ya fito da shi, ya bi su asibiti. Bayan an ɗinke hannun ya dubi Dogo.

"Yaro, a ina ka koyi wannan?"

"A hoton da aka dake ni a kansa, Baba."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

Sati biyu da gama jarrabawar ƙarshe aka ɗaura aurensu. Yaya ya miƙa wa amarya sabuwar waya da hannunsa mai tabo, sannan ya rungume ango.

"Ƙanena, hancin nan fa? Ka yafe mini."

"Ya karkace, Yaya, amma ta ce haka take son kayanta."

Baba ya ɗaga hannu. "Allah ya yi muku albarka, ya sa hannuwanku su ci gaba da ceton rai."