Wanda Ya Kare wa Lurwanu Iska a Hawan Mambila

Ku matso nan. Ke Rakiya, ajiye gyaɗar nan, ƙarar ɓawonta ta ishe ni. Kai kuma Mudi, in ka san za ka jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu.

Kun san Lurwanu abokina, mai gyaran fanka a bakin kasuwa? Da can ɗan tseren keke ne. Wata shekara, ƙarshen damina, suka ɗauki hanya shi da 'yan ƙungiyarsu, daga Jalingo har Gembu a kan kekuna. Tafiyar kwana da kwanaki. Su kwana Bali, su kwana Serti, sannan su tunkari dutsen Mambila.

Masu keke suna da wata al'ada. In iska ta yi ƙarfi, sai su jeru ɗaya bayan ɗaya. Na gaba ya sha iskar, na baya ya liƙe masa ya huta. Ba hanya kake kallo ba, tayar na gabanka kake kallo. In ka huta, ka karɓe shi. Ka ci gumin mutum ba ka rama ba, wannan babban abin kunya ne a wurinsu.

A gindin dutsen sarƙar keken Lurwanu ta tsinke. Ya ce su jira shi. Babbansu ya ce, "Ka same mu a Maisamari, can saman dutsen." Suka wuce. Wallahi ko waiwaye babu.

Ya gyara, ya hau shi kaɗai. La'asar sakaliya. Dama dutse, hagu rami, ba a ganin ƙarshensa. Gajimare ya sauko ya zauna a kan kwalta. Ba mota, ba saniya, ba ko tsuntsu. Numfashinsa kawai yake ji. Iska tana mayar da shi baya, cinyoyi sun mutu. Ya ce mini har hawaye ya yi, kuma ba na gajiya ba. Kaɗaici ne ya ci shi.

Sai ga taya a gabansa. Baƙin keke, tsohon yayi, da mutum a kai.

"Salamu alaikum," in ji Lurwanu.

Ba a amsa sallamar ba. Muryar da ta fito kamar daga cikin randa.

"Kama bayana."

Ya kama. Iska ta ɗauke ɗif. Ƙafafunsa suka yi sauƙi. Ya kafa ido a kan tayar nan, yadda ya saba.

"Sun bar ka?" in ji mutumin.

"Sun bar ni, Malam."

"Haka suke. Ni ma haka suka yi mini."

Hawa ne mai sa babbar mota kuka, amma mutumin ba ya haki. Kekensa ba ya ƙara. Can Lurwanu ya dubi feda. Dugadugan mutumin ne ke gaba, yatsun ƙafarsa suna kallon Lurwanu.

Rufe bakinki, Rakiya. E, ya gani. Ya gani sarai! Amma ya ce a ransa gara wannan da ya koma shi kaɗai cikin gajimaren nan. Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da bi.

Kunya ce ta cece shi. Da tafiya ta yi nisa ya ce, "Malam, ka sha iska da yawa. Bari in karɓe ka."

"Zauna inda kake."

"Haba, ba a yin haka."

Ya ɗaga kai don ya shige gaba. Sai ya damƙe birki. Tayarsa ta gaba tana bakin rami. Tsakuwa tana zubowa, ba a jin saukarta. Ashe hanya ta yi kwana tun a baya. Mutumin kuwa yana can gaba yana taka feda, babu komai a ƙarƙashinsa.

Bai juyo ba. A hankali ya ce, "Kai ma ka bar ni?"

Gajimare ya rufe shi.

Lurwanu da ƙafa ya tura kekensa har Maisamari. Ya tarar da mutanensa wurin mai shayi suna ta dariya. Ɗaya ya ɗago ya ce, "Au, har ka iso?"

Da ya dawo gida ya sayar da keken. Na taɓa tambayarsa ko ramin ne yake gani in ya rufe ido.  Ya ce, "A'a. Abin da ke damuna, duk dutsen nan mai baƙin keken kaɗai ya tsaya mini."

To kun ji. Kada ɗayanku ya kuskura ya hau dutsen nan shi kaɗai. In kuma kuna tafe da ɗan'uwa sarƙarsa ta tsinke, ku tsaya. In ba ku jira shi ba, akwai mai jiransa.

Mudi, saki rigata haka nan.