Hannun Inna a Goshin Mai-suma

Ga ta nan, ga ta nanku. Tunda kun ce ta zo ku ji ta, ku gyara zama, amma ku sani wannan ba ta dariya ba ce.

An yi wata mai kitso da kowa ke kira Inna. Shagonta a ƙofar gidanta yake: benci ɗaya, tabarma, madubi mai tsaga a kusurwa, da gwangwanin da take ajiye kibiya da mataji. Kitsonta ya yi suna don ba ya saurin tsufa. Ba ta barin ko silin gashi a goshi, har 'yan ƙananan nan masu laushi sai ta tsinto su da farce ta haɗa. Takan ce kitson da bai ɗaga wa mace gira ba wasan yara ne. Ita kuwa ba wanda ya taɓa ganin kanta. Ɗankwalinta kullum a ɗaure yake har bisa gira.

Ɗanta ɗaya ne tilo, kafinta. Wata rana yana gyara ƙafar bencin shagon sai wata budurwa ta zo kitso. Da ta kwance ɗankwali gashi ya zubo har kafaɗa, nan take Inna ta laƙaba mata Mai-suma. Kafinta kuwa ya sauke guduma a kan ɗan yatsansa.

"Ƙusa aka ce ka buga, ba kanka ba," in ji Inna. "Tashi ka ba mu wuri, sarkin kallo."

Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura aure.

Mai-suma marainiya ce. Uwarta ta rasu tana goye, ta tashi cikin maza, ba ta taɓa sanin daɗin a kwantar da kanta a cinya ba. Don haka ranar da surukarta ta zaunar da ita tsakanin gwiwoyinta ta ce mata "'yata", sai da ta ɓoye hawaye. Daga nan kanta ya zama allon tallan shago. Kitso bai gama kwantawa ba za a tsefe a sake sabo, Inna tana juya kan tana nuna wa kwastomomi. Zafi kuwa ba a magana. Fatar goshinta takan ɗame har ido ya ja, ta haɗiyi maganin ciwon kai a ɓoye, ta kwanta rub da ciki don matashi ba ya taɓuwa. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Ina za ta iya ce wa hannun da ya zama mata uwa yana yi mata ciwo?

Ƙuraje suka fara fitowa a bakin kitson. Daga baya gashin gaba ya soma ja da baya kamar ruwan rafi da rani, ya bar wani siririn layi na 'yan gasu a gaba, bayansa fili. Inna ta ce bakin mutane ne, ta shiga rufe wurin da gashin doki, tana ɗaura nauyinsa a kan ɗan abin da ya saura. Da abin ya ƙi rufuwa, sai ta fara faɗi a gaban kwastomomi cewa wataƙila ciwon dangin yarinyar ne aka ɓoye musu.

Kafinta ya lura matarsa ta daina cire ɗankwali a gabansa, ko a ɗaki. Wata safiya ya riƙe hannunta ya ce, "Ni ne fa. Me kike ɓoye mini?" Ta ƙi, ya yi ta lallashi har ta kwance. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe shagonsa ya kai ta wurin likitar fata.

Likita ta duba da fitila, ta sa aka gwada jini. Ta ce gashin gaba kan zube saboda dalilai da yawa: haihuwa, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, gado. Amma na Mai-suma ba ko ɗaya daga ciki. Ja ne. An yi ta fizgar saiwar gashin har ta gaji. Ta ce a tsefe kitson a ranar, a bar kan ya huta, ta rubuta maganin kumburi da na shafawa. Sannan ta ɗora yatsa a gefen goshi inda fatar ta yi sumul tana sheƙi.

"Nan saiwar ta mutu, ba zan yi miki ƙarya ba. Tsakiyar tana da rai tukuna. Amma in aka ci gaba da ja, ita ma za ta bi 'yar'uwarta, kuma ba mai dawo da ita."

A hanyar gida Mai-suma ta roƙi mijinta kada ya faɗa wa Inna. Ya ce katakon da aka matse fiye da kima tsagewa yake yi, kuma ba zai tsaya yana kallo ba. Ya durƙusa a gaban uwarsa ya yi magana da ladabi iya ƙoƙarinsa, amma magana irin wannan ko da zuma aka shafe ta ɗaci gare ta.

Inna ta ajiye matajin hannunta. "Wato hannuna guba ne? Hannun da ya ciyar da kai har ka yi gemu? Kawunan garin nan kaf sun bi ta cinyata, sai a kan matarka zan zama mai cuta?"

Ta ce in an ɗauke kai daga hannunta, to an ɗauke ta daga gidan. Ta daina cin abincin Mai-suma. In ta gaishe ta sai ta amsa wa bango. "'Yata" ta koma "matar wancan". Labari ya fita, wasu kwastomomi suka janye ƙafa, Inna ta ɗora laifin a kan surukarta. 'Yan'uwan Inna suka zo suka zaunar da Kafinta, suka ce mace ana sakinta a sami wata, uwa kuwa ba ta da canji. Ya sunkuyar da kai ya ce ba zai saɓa wa uwarsa ba, ba kuma zai saki wadda ba ta yi laifi ba. Ya rame, aikinsa ya soma karkacewa, har aka dawo masa da wata ƙofa da ta ƙi rufuwa.

Mai-suma ta ga gidan na neman rushewa a kanta. Wani hantsi da shago ba kowa, ta shiga ba ɗankwali, ta zauna a tabarma tsakanin gwiwoyin Inna kamar da.

"Inna, ga kan. In kin ce a kitsa, a kitsa, ko da ba zai sake fitowa ba. Rashin gashi zan iya, rashin uwa karo na biyu ne ba zan iya ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki taɓa nan kafin ki fara."

Inna ta ɗauki kibiya fuska a murtuke. Ta kai yatsa gefen goshin don ta tsaga, yatsan ya zame a kan fatar nan mai sulɓi. Sai ta tsaya. Ta sake shafawa a hankali. Yatsunta sun san wannan sulɓin, kowace safiya suna taɓa irinsa.

Kafinta ya shigo a daidai lokacin, ya tarar da uwarsa tana kwance ɗankwalinta. Daga goshi har kusan tsakiyar kai ba ko sili, fata ce tana sheƙi. Ya kau da kai.

"Uwata ce ke mini kitso," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "A hannunta na koya. Da nawa ya tafi ta ce gado ne, na yarda. Ashe hannun na gada, ba ciwon ba."

Ta kifa fuskarta a kan surukarta, suka yi kuka har Kafinta ya ja ƙofar shago ya rufe.

Tun daga ranar Inna ce ke shafa mata magani da safe, a cinyar nan dai, da yatsu masu taushi. Watanni suka shuɗe kafin tsakiyar goshin ta yi tsiro kamar ciyawar farkon damina. Gefuna biyu kuwa ba su dawo ba har abada. Inna ta sassauta hannu a shago, ta daina tsinto 'yan gasun goshi. Masu son kitson wata guda suka koma wani wuri, ba ta bi su ba. Kafinta kan sa yatsa a gefen goshin matarsa ya ce nan ne aka buga masa hatimi, ita kuma ta ture hannunsa tana murmushi.

To kun ji. Haƙuri ya riƙe wa Mai-suma mijinta, ya dawo mata da uwa. Amma shirun da ta yi tun farko shi ya ci gefen goshinta. Ɓoye ciwo ba ladabi ba ne, kuma hannun da ke ƙaunarka ma yana iya cutar da kai bai sani ba. A faɗa masa da taushi, a kuma faɗa da wuri.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Na sauke ta nan, mai kunne ya ɗauka.